Hansai Mayar-Inda-Ka-Ɗauko

Idan ka taɓa karatu a ƙaramar kwalejin aikin gona da ke bayan garin Wudil, ta hanyar Achika, ba sai an yi maka bayanin Malama Hansai ba. In ma ba ka taɓa ba, nemi wanda ya yi, ka ambaci sunanta kawai, za ka ga ya gyara zama kamar tana tsaye a bayansa. Ita ce mai kula da ɗakin mujallu a laburaren kwalejin, ɗakin nan na ƙarshen baranda inda ake ajiye mujallun bincike, waɗanda masana ke rubuta abin da suka gano game da ƙasa da iri da ƙwari da dabbobi. A gaban idonta ɗalibai Mama suke ce mata. A bayan ido kuwa sunanta Mayar-Inda-Ka-Ɗauko, kuma tsakani da Allah ba su zalunce ta ba.

'Yar garin Darki ce. Mahaifinta manomi ne mai tsananin tsari, irin mutumin da ko an rufe masa ido zai shiga zaure ya ɗauko lauje ba tare da hannunsa ya taɓa fartanya ba. Mahaifiyarta kuma, in yaro ya ci tuwo ya tashi ya bar kwano, ba ta ce masa komai, sai ta bari ya yi nisa sannan ta kira shi ta tambaye shi wace baiwar ya bar wa. A hannun waɗannan biyun Hansai ta tashi, to me kake tsammani? Ta yi firamare a ƙauye, ta yi makarantar horon malamai, ta koyar na 'yan shekaru, aure ya kawo ta Wudil inda maigidanta ke sayar da kayan gyaran babur kusa da gada. Da aka buɗe kwalejin ta samu aiki a laburare, tun ana jera littattafai a kan benci saboda babu kanta. Daga baya ta riƙa bin motar Kano da goyo a bayanta, har ta gama difloma a fannin.

Ranar da aka danƙa mata ɗakin mujallu, abin da ta tarar ya fi kama da bola. Wasu a buhu, wasu a ƙasa gara ta fara yi musu aiki, ta bara a cuɗe cikin tsofaffi, ɗalibi ya yage shafin da yake so ya kama gabansa. Ta ɗaure ɗankwali ta shiga. Ta ware na ƙasa da taki gefe guda, na dabbobi gefe guda, na ƙwari da cututtukan shuka gefe guda, kowace mujalla tare da 'yan uwanta bisa shekara. Inda ta ga giɓi ta bi malamai ofis-ofis tana roƙo, har Kano da Zariya ta aika aka yo mata fotokwafin wasu. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya ce mata sannu.

A wajen difloma an koya musu cewa mai karatu ba ya mayar da littafi kan kanta, a tebur yake bari ma'aikaci ya zo ya mayar, don kada ya cusa shi inda ba wurinsa ba. Hansai ta rubuta wannan amsar ta ci jarrabawa, amma zuciyarta ba ta taɓa karɓa ba. A ganinta lalaci ne aka sa wa riga. Yaro mai hankali ya taso daga gidansu neman ilimi, a ce ba zai iya gane inda ya zaro abu ba? Sai ta kama tata hanyar. Duk sabon ɗalibi sai ta tsayar da shi gaban kantar mujallu ta nuna masa yadda shekaru ke bin juna, ta sa shi ya zaro ya mayar a gabanta. Wanda ya sake ya bar mujalla a tebur bayan wannan, ya shiga uku. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya sosai. Daga kujerarta za ta kira shi da cikakken sunansa, ɗaki ya yi tsit, ta tambaye shi ko haka yake bar wa mahaifiyarsa a gida. Akwai wani malami mai digiri biyu da ya taɓa barin mujalla a buɗe ya fita. Ta bi shi da ita har bakin motarsa, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta ga ya manta ne. Da ƙafarsa ya dawo ya mayar.

Da tafiya ta yi tafiya, abin ya zama gado. Manyan ɗalibai su ke gargaɗin ƙanana tun kafin su san hanyar ɗakin cin abinci. Ka shiga ɗakin Hansai ko da wane lokaci, kujeru cike, kai a sunkuye, amma da an tashi teburan nan fes, kamar ba a taɓa zama ba. Tana alfahari da wannan, ba ta kuma ɓoyewa.

A shekarar da nake ba ka labari aka kawo sabon shugaban laburare, Dakta Ja'afar. Matashi ne, sa'an babban ɗanta, mai ladabi, ba ya wuce ta bai rusuna ba. Bai daɗe da zuwa ba ya tara shugabannin sassa ya gaya musu halin da ake ciki. Kwaleji ba za ta iya ci gaba da sayo duk mujallun da ta saba ba, ga shi kuma ana neman ɗakin da za a zuba kwamfutoci. Don haka kwamitin kwalejin ya ce a auna a gani: me ake karantawa, me yake zaune kawai yana cin wuri. Za a yi awon tsawon zangon karatu guda. Hanyar kuwa mai sauƙi ce, wai haka ake yi ko'ina. Duk abin da mai karatu ya ɗauko ya bar shi a tebur, wata ma'aikaciya daga ofishin shugaba, Mas'uda, za ta zagayo bayan azahar da kuma lokacin tashi ta rubuta abin da ta tarar. Mujallar da aka ga ana taɓawa a ci gaba da sayo ta. Wadda ba a gani a tebur ba, a daina sayo ta, tsofaffinta su tafi sito. In kuma ɗakin gaba ɗaya ya nuna ba a amfani da shi, to ga ɗakin kwamfuta an samu.

Dakta ya ƙara da sharaɗi guda. Kada a gaya wa ɗalibai dalilin, don in suka sani, masu son ɗaki za su riƙa zaro mujallu suna zubewa, awo ya lalace. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓi alkawari. Hansai ta ba shi nata ba tare da ta ko yi tunani ba, har da cewa amana ai ba a tambayar ta sau biyu.

Ko a jikinta. Ita da ɗakinta ya fi ko'ina cika? Yaran da ta ce su mayar suka mayar, in ta ce su bari ai za su bari. A nan ta yi kuskure, kuskuren da ba mai yin sa sai wanda ya saba a yi masa biyayya.

Ta rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe ta manna a ƙofa, cewa daga yau duk wanda ya gama da mujalla ya bar ta a kan tebur. Ɗalibai suka tsaya suka karanta, suka dubi juna, suka shiga. Da lokacin lacca ya yi suka miƙe, kowa ya nufi kantar mujallu da tasa a hannu. Ta ce ba su ga sanarwa ba ne? Suka ce sun gani, Mama. To su ajiye. Suka ajiye a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, suna satar kallonta. Wayarta ta yi ƙara, ta juya ta amsa, kafin ta juyo tebur babu komai.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama makaranta cewa Mama gwaji take yi. Wai ta haɗa baki da sabon shugaba za a gano marasa tarbiyya, shi ya sa wata mata ke shigowa da takarda tana duba tebura. Wani ma ya rantse ya ji an ce sunayen za a kai ofishin kula da ɗalibai. Hansai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ƙaryata, ta ce ba gwaji ba ne, ba sunan wanda ake rubutawa. Suka ce to. Wani daga baya ya tambaya cikin ladabi, in ba gwaji ba ne mene ne? Ta buɗe baki, ta tuna alkawari, ta ce doka ce kawai. Wannan amsar ita ta tabbatar musu gwaji ne.

Cikin masu zaman ɗakin akwai wata yarinya, Khaulat, 'yar Achika, tana shekarar ƙarshe. Mahaifinta yana noman tumatir a fadama, ita kuma binciken kammala karatunta a kan tsutsar nan ne da ke cinye tumatir ta bar manomi da kara. Ba ta da kwamfuta, wayarta ma 'yar ƙarama ce ta kira. Duk abin da ta sani game da tsutsar, daga jerin mujallun ƙwari na kanta ta biyu ta samo shi, tana kwafa da hannu. Ita ke fara zuwa, ita ke ƙarshen fita. Hansai na ji da ita, don ko shafi ba ta taɓa lanƙwasawa ba. In akwai wadda za ta fara karya wannan taurin kai, ai ita ce. Ta kira ta gefe ta yi mata magana a hankali, ta ce don Allah in ta gama ta bar su nan, ta taimake ta.

Khaulat ta ce to. Ranar ta bari, ta kai har bakin ƙofa, ta tsaya, ta dawo ta kwashe.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Ƙafata ce ta ƙi tafiya. Yaya zan bar miki ki sunkuya ki kwashe, ina ganinki da ciwon baya?"

Me za ka ce wa mai wannan magana? Ka mare ta? Hansai ta ce Allah ya yi mata albarka, ta koma kujera tana jin kamar ta fasa ihu.

Mas'uda kuwa ba ta fashi. Za ta shigo da sallama, ta gaishe da Mama, ta tambayi gida da yara da jiki, ta dubi teburan nan masu sheƙi, ta rubuta abin da ta gani. Wani lokaci ta tarar da ɗaki cike, kowa da mujalla a gabansa, amma abin da ke hannun mai karatu ba ya shiga lissafi sai ya tashi ya bari. Ɗalibai kuma da sun hango ta sai su ƙanƙame nasu, wasu su tashi su mayar tun ba su gama ba. Abin da kawai take samu shi ne wata mujallar kaji mai hotuna masu launi, wadda direbobi da masinjoji ke shigowa su duba suna shan fanka. Su ba ɗalibai ba ne, ba su san tsoron Mama ba.

Da zango ya raba tsakiya Hansai ta kasa haƙuri ta tafi wurin Dakta Ja'afar. Ta ce ranka ya daɗe, wannan awon ba zai auna ɗakina ba, a bar ni in riƙa rubuta abin da na ga an ɗauko da idona. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, shi ma yana wucewa yana ganin ɗakin. Amma kwamiti ya tsayar da mudu ɗaya ga kowa. In aka ce kowane shugaban sashe ya auna kansa, to kowa sai ya ce nasa ya fi kasuwar Juma'a cika. Ta ce to a duba yawan masu shiga. Ya ce ya kawo wannan a taro, aka ce shiga ba karatu ba ce, bazara ce, ɗakinta ne mai fanka mai ƙarfi. Ta ce to a sake ta daga alkawari ta gaya wa yara gaskiya. Ya ce in ya sake ta dole ya saki kowa, aikin zango guda ya tashi a banza, shi kuma sabon zuwa ne. Ya roƙe ta ta ƙara matsa musu. Ta fito tana cewa a ranta, matsawar ce ai ta kawo mu nan.

A baranda ta haɗu da Malam Yahuza, mai kula da sashen littattafai, tsohon abokin aikinta tun zamanin benci. Shi teburansa kullum kamar an yi dambe a kai, ta sha yi masa gori. Yanzu ga shi yana tafe yana murmushi, Mas'uda har gajiya take da rubutu a sashensa. Ya ja ta gefe ya ce Hajiya, ke ma dai da wahalar da kai. Kafin yarinyar nan ta zagayo, ɗebo ki zuba mana, wa ya gan ki? Ya ce shi ma yakan ɗan taimaka wa nasa, ba don komai ba sai don kada a yi wa yara asara. Hansai ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita ba ta kai shekarunta ba don ta koyi ha'inci a bakin fansho. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya ba da sa'a.

Maganar dai ta bi ta gida. Tana tankaɗe tana tunani, tana cikin keken ɗan sahu tana tunani. Zuba abin da ba a karanta ba ƙarya ce, wannan ba ta yi. Amma abin da ta gani da idonta an karanta fa? In ta dawo da shi tebur, ai gaskiya ta mayar wurinta. Ta juya maganar ta sake juyawa har ta yi laushi. Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma jarrabawa ta matso, lokaci na ƙurewa.

Wata Talata ta zauna tun safe tana lura. Ta riƙe a kanta duk abin da aka zaro: na ƙwari, na taki, na noman rani, na kiwon awaki. Da aka kira azahar ɗaki ya watse, ta tashi kamar ɓarauniya a ɗakinta, ta zaro su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙara ko guda a kan abin da ta gani ba. Ta baza su a tebura, wasu ma ta buɗe su. Ita Hansai, da hannunta, ta hargitsa ɗakinta. Ta kasa tsayawa kallo, ta ɗauki buta ta fita.

Ta idar da salla ta dawo, suka iso ƙofa tare da Mas'uda. Tebura fes. Khaulat na tsaye gaban kantar mujallu tana tura ta ƙarshe, tana haki, fuskarta cike da murna. Ta ce Mama, wasu marasa kunya ne suka faki idonki suka watsa miki ɗaki, Allah ya sa na riga ki dawowa, na gyara kafin ranki ya ɓaci.

Abin da Hansai ta daɗe tana dannewa ya ɓalle. Ta yi wa yarinyar nan faɗan da ba ta taɓa yi wa kowa ba a ɗakin. Wa ya sa ta? Wa ya naɗa ta mai gyara? Ba ta iya karatu ba ne, ko sanarwar da ke ƙofa da Sinanci aka rubuta ta? Khaulat ta tsaya baki buɗe, idanunta suka kawo ruwa, ta durƙusa ta ba da haƙuri ba tare da ta san laifinta ba. Mas'uda ta sunkuyar da kai ta rubuta abin da ta tarar, wato babu. Su kuma ɗaliban da suka jiyo faɗan daga baranda ba su ji farkonsa ba. Abin da suka kai wa sauran shi ne, yau Mama ta kusa cinye Khaulat ɗanya a kan maganar tebur, Khaulat fa, to ina ga wani. Daga ranar ko murfin biro ba a ƙara mantawa a ɗakin ba.

Hansai ba ta sake gwadawa ba. Ta ɗauka Allah ne ya tsare ta daga abin da tun farko ba ta natsu da shi ba. Washegari ta sayo wa Khaulat soyayyen kifi daga bakin gada, ta ajiye mata ba tare da bayani ba, don bayanin ne ba ta da ikon yi.

Da zango ya ƙare kwamiti ya zauna, Dakta Ja'afar ya roƙa aka ba ta dama ta yi magana. Ta tashi ta faɗi komai tiryan-tiryan, har da abin da ta yi ranar Talata, ba ta rage ba. Ta ce ɗakin nan ana karatu a cikinsa fiye da ko'ina, ita ce ta hana a bar alama. Mataimakin shugaban kwaleji, wanda ke jagorantar zaman, ya yaba mata ƙwarai, ya ce tsaftar ɗakinta abin koyi ce. Sannan ya ce amma Hajiya, a ce zango guda cur, cikin ɗaruruwan yara, a rasa masu mantuwa? Yaran zamanin nan? Aka yi dariya. Wani ya ce ko a gidansa ya kasa sa 'ya'yansa su ɗauke kofin shayi. Dakta Ja'afar ya nemi a sake awon a zango mai zuwa ta wata hanya. Aka ce kwamfutoci suna hanya, ba inda za a ajiye su, kuma in an sake wa ɗaya sai an sake wa kowa. Aka tsayar da magana: a daina sayo mujallun, a ci gaba da ta kaji tunda ita ce aka ga tana da jama'a, sauran a kai sito.

Hansai ta san siton nan. Yana can bayan gareji, rufinsa na yoyo, makullinsa na hannun mutumin da sai an cika takarda an jira sa hannu kafin a gan shi. Ta ce a ranta, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Haushin kwamiti take ji, da na Dakta, da na Yahuza da sashensa ya fito da sakamako mai kyau, amma duk ba su kai haushin kanta ba.

Ranar kwashe kaya aka turo mata kwalaye, aka ce leburori sai sun gama da wani aiki. Ba ta jira su ba, don ta san yadda za su watsa mata shekaru cikin juna. Ta fara jerawa da kanta. Ɗaliban shekarar ƙarshe ba su tafi hutu ba saboda bincikensu. Ɗaya ya leƙo ya ga Mama a sunkuye, ya fita ya kira sauran. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya cika. Suka karɓe kwalin da ke hannunta, suka ja mata kujera, suka ce ta zauna ta nuna kawai. Suna jerawa bisa shekara, ba kuskure ko ɗaya, suna ɗauka suna fita a layi, har da raha. A zatonsu fenti za a yi.

Khaulat ce ta kwashe kanta ta biyu. Ta cika kwali da mujallun ƙwari, ta rungume shi, ta tsaya gaban kujerar.

"Mama, yaushe za a dawo da su? Saura babi biyu ban gama ba."

"Ba za a dawo da su ba, 'yata. An ce ba mai karanta su."

Yarinyar ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskar Hansai ta daina. Ta tambaya wa ya faɗi haka, alhali kullum sai an yi rububin kujera. Awo ya ƙare, alkawari ya sauka, don haka Hansai ta gaya mata. Ta gaya mata abin da Mas'uda ke rubutawa, da abin da tebur mai tsafta yake nufi a takardar kwamiti. Waɗanda ke kusa suka tsaya da kwalaye a hannu, raha ta ɗauke.

 A hankali Khaulat ta ce, "Wato ranar nan da na kwashe..."

"Ni na zuba su," in ji Hansai. "Ke abin da aka koya miki kika yi. Wadda ta koya miki ita ce da laifi."

Yarinyar ta dubi kwalin da ke ƙirjinta, ta dubi tebur, ta dubi ƙofa. Ta rasa wanne ne daidai, ta ajiye ko ta wuce, hawaye na sauka a kan murfin kwalin ba hannun sharewa. Ta tsaya tana jiran Mama ta faɗa mata, kamar yadda ta saba.

Daga baranda aka jiyo muryar masu haɗa wayoyin kwamfuta suna tambaya ko an gama da ɗakin.

"Tafi da shi," in ji Hansai. "Ki sa shi a sama, inda ruwa ba zai taɓa ba."

Khaulat ta ce to, ta gyara riƙo, ta bi layi.